Mai Rufe Layi a Ƙofar Gidan Ruwa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da in ka murɗa famfo ruwa ke zubowa. Ba zan faɗi sunan garin ba. Ku saurara. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, don ba na maimaita magana.

Sunan bawan Allahn nan Sallau. Aikinsa gyaran bututu a gidan ruwa na hukuma. Gajere ne, marar yawan magana, tafin hannunsa duk kanta. Ma'aikata suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu, ba don ya iya baki ba, sai don ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

To, ƙungiyar nan tana da wata al'ada da ta gada. In an gama yajin aiki, ranar komawa kowa zai yi layi a bakin ƙofa. Shugaba ba ya shiga gaba. Shi ke tsayawa a baya, yana kallo har mutum na ƙarshe ya shige, sannan ya taka. Mai rufe layi ake ce masa. In akwai wanda aka hana shiga, layi bai rufu ba, yaji kuma bai ƙare ba. Ku riƙe wannan. Nan maganar take.

Wata shekara manyan gari suka ce hukuma ta gaji da ɗaukar nauyin ruwa. Za a miƙa gidan ruwa ga ɗan kwangila, a rage ma'aikata, a toshe famfunan unguwa inda talaka ke ɗiba kyauta. Ƙungiya ta ce ba ta yarda ba. Aka tafi yaji.

A taron farko Sallau ya ce, "Za mu kashe injuna. Amma bututun asibiti ba mai taɓa shi. Da hukuma muke faɗa, ba da mai naƙuda ba."

Sai wani mai kula da inji ya miƙe. Barmo sunansa, dogo, mai ɗacin baki, wanda ko a wurin suna sai ya ɓata wa wani rai. Ya ce, "Sallau, me suka ba ka? In ba mu rufe asibiti ba, wa zai ji zafi? Karen manaja kawai!" Ya tofa yawu a gabansa.

Sallau ya sa takalmi ya rufe yawun da ƙasa. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Barmo. Bututun asibiti dai ba mai taɓa shi."

Yaji ya yi tsawo. Tukwane suka yi sanyi a gidaje, mata suka fara fitar da kwanukansu kasuwa. Daga ƙarshe hukuma ta ce ta jingine maganar kwangila, kowa ya koma bakin aiki. Kowa, ban da mutum ɗaya. Barmo ya tare motar manaja a tsakiyar kasuwa ya kira shi ɓarawo, don haka shi ba ya komawa.

Ranar komawa aka yi layi da sassafe. Da aka zo kan Barmo, mai gadi ya gindaya masa sanda. Layi ya tsaya. Kowa ya waiwayo yana duban Sallau.

Sallau ya ce, "Layi bai rufu ba."

Sai wani lebura mai suna Nomau ya ce, "Shugaba, ka yi mini aikin gafara, jiya 'ya'yana da yunwa suka kwana." Ya kewaye Barmo ya shige. Na bayansa ya bi shi. Na bayansa ma ya bi. Kai a sunkuye, kamar masu neman allura a ƙasa.

Mataimakin Sallau, Cindo, ya matso ya ce, "Haba Shugaba, wa kake yi wa wannan? Mutumin da ya tofa maka yawu? Ko gaishe ka ba ya yi."

Sallau ya ce, "Da muka karɓi al'adar nan, an ce mana ban da wanda ba ya gaisuwa?"

Cindo ya girgiza kai, shi ma ya shige.

Ku saurara, yanzu jarrabawar ta zo. Manaja ya fito da kansa, da ladabinsa. Ya ce, "Malam Sallau, damina ɗaya ta rage ka yi ritaya da fanshonka. Gidan da kake ciki na hukuma ne. Ƙofa a buɗe take har la'asar. In ta rufu kana waje, kai ka ajiye aiki."

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar Barmo ya wuce. Ni ina bayansa."

Da rana ta take, matarsa Tabawa ta zo da ruwa a kwanon sha. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ni zan iya komawa gidanmu. Tsohuwarka makauniya fa, ina za mu kai ta?"

Ya karɓi kwanon ya sha, bai gusa daga inda yake ba. Kada ku zaci bai ji ba. Ya ji.

Barmo da ke zaune a gindin katanga ya daka masa tsawa. "Kai tsoho, shiga mana! Na roƙe ka ne? Ba na son taimakonka!"

Sallau ya ce, "Ba don kyan halinka na tsaya ba, Barmo. Halinka ba kyau. Amma in na shiga yau, sun gane ana iya zare mutum ɗaya a zauna lafiya. Gobe su zare wani."

Aka kira la'asar. Mai gadi ya ja ƙofa. Sallau ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasa ya yi sallarsa a waje.

Na ga wasunku suna murmushi. Kuna jira in ce washegari an kira shi an ba shi haƙuri, ko Allah ya buɗa masa ya zama attajiri. Ba a kira shi ba. Bai zama ba.

An fitar da shi daga gidan hukuma da yake zaune. Tsohuwarsa a ɗakin haya ta cika. Kafin damina ta zagayo aka sallami Nomau, ba wanda ya tsaya. Aka sallami wani, aka sallami wani, ba wanda ya tsaya. Da ɗan kwangila ya zo karɓar gidan ruwa, bai tarar da ƙungiya ba, sai mutane masu tsoron juna. Aka toshe famfunan unguwa. Bututun asibitin da Sallau ya sha zagi a kansa, shi ma aka datse.

Sallau ya ɗauki garwa biyu da sanda, yana ɗebo ruwa daga rijiyar bayan gari yana bin gidaje. Mutumin da ya shimfiɗa bututun garin da hannunsa. In ya ratso unguwa, tsofaffin abokan aikinsa sai su faɗa zaure su ɓuya. Bai taɓa goranta wa kowa ba. Yakan juye wa matar Nomau garwa a randa ya wuce.

Haka ya yi ta yi har kafaɗa ta gaza. Ranar da ya rasu aka nemi ruwan wanka a gidan, babu. Ana cikin shawara sai ga Barmo, ya tsufa, ya ranƙwafa, da garwar mamacin a kafaɗarsa, tun daga rijiya. Ya sauke, ya ce, "Ku matsa, marasa kunya."

Da aka rufe Sallau, jama'a suka yi ta fita daga maƙabarta. Barmo ya tsaya a bakin ƙofa bai motsa ba. Cindo ya ce, "Barmo, taho mu tafi."

Barmo ya ce, "Ku je. Ku kun saba tafiya ku bar mutum."

To, ku da ke zaune gabana, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu shara, direbobin hukuma. Kullum kuna kuka: famfo ba ruwa, asibiti ba magani, aji ba rufi. Kuna zagin masu mulki. Sun cancanci zagin. Amma abin jama'a ba a rana ɗaya ake ƙwace shi ba. Ana farawa ne da mutum ɗaya, kuma ana zaɓar wanda ba kwa so, don ku sami uzuri. Haƙƙi ba na mai kyan hali ba ne kaɗai. Wanda ya tsaya wa masoyinsa kawai, bai tsaya wa gaskiya ba.

Kowannenku ya san Barmon da ya kewaye a bakin ƙofa. Ban tsammanin akwai mai rufe layi a cikinku. Allah ya sa in zama maƙaryaci a wannan.

Allah ya jiƙan Sallau. Ku tashi.