Ƙwan Funtuwa da Lambobi Uku

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa manhajar manyan kamfanoni take yawo da lambobi uku a goshi, ɗigo na raba su, kamar 4.2.7. Ba ado ba ne. Rashin yarda ne ya haife su.

A da can manhaja ba ta da lamba. Wanda ya ƙera ta zai zuba ta a faifai, ya ɗauki biro ya rubuta "Sabuwa". In ya sake taɓa ta, ya rubuta "Ta ƙarshe". Mutane kuma su karɓa da godiya, don lokacin ana kyautata wa injiniyoyi zato.

Ban da Hajiya Ladidi. Ita ce mai kula da kwamfutocin wani babban kamfanin ƙyanƙyasar kaji a Funtuwa, inda manhaja ke daidaita ɗumin ɗakuna, tana kuma juya ƙwai duk bayan sa'a guda, don ƙwan da ba a juyawa lalacewa yake yi. An taɓa asarar ɗaki guda, manaja ya shaida mata cikin ladabi cewa in aka kuma, za a shirya mata walimar ban kwana.

Ran nan sai ga Injiniya Barau, mai ƙera musu manhajar, da faifai a hannu, yana ta fara'a. Fara'ar ce ta fara damun ta.

"Hajiya, ɗan faci na kawo. Agogon nan mai lattin minti biyar, na gyara shi."

"Agogon kaɗai ka taɓa?"

"To... kusan shi kaɗai. Haba Hajiya, ke dai ba kya yarda da kowa."

"Ina yarda da kaji," in ji ta. "Ba su taɓa kawo mini gyara ba."

Ya so a saka wa ɗakuna goma sha biyun a tashi ɗaya. Ta ce a fara da guda. Ta jawo kujera bakin ƙofar, ta zauna ta kasa kunne. Agogo kam ya gyaru, wannan ba a musu. Sa'a ta cika, farantan ƙwai ba su motsa ba. Ta biyu ma ta cika, ƙwai dubu uku na nan kwance a gefe guda, abinsu.

"Injiniya, zo ka ga agogonka. Daidai yake nuna lokacin da ƙwaina suka fara mutuwa."

Barau ya sosa ƙeya. Ashe da ya shiga gyaran agogo, sai ya ga sashen juya ƙwai bai yi masa kyau a ido ba, ya rushe shi ya sake ginawa, tunda dai hannunsa na ciki. Sabon ginin kuwa bai san yadda ake magana da tsofaffin injinansu ba.

"Mayar mini da ta jiya," ta ce.

A zamanin nan ba a kwafo manhaja daga ɗaki zuwa ɗaki, sai daga faifan mai ita. Ya zazzage jakarsa a kan tebur. Faifai bakwai suka zubo: biyar an rubuta "Ta ƙarshe", ɗaya "Ta ƙarshe ta gaskiya", ɗaya kuma ko rubutu babu.

"Wacce ce?"

"Tana ciki dai, in sha Allahu."

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙa masa safar hannu. Duk sa'a ya shiga ya juya ƙwai da kansa, in ya fito ya gwada faifai. Sai a rana ta biyu aka dace. Wanda ba rubutun ne.

Kafin ya ɗauki jakarsa ta tare ƙofa.

"Daga yau lamba za ka riƙa sawa."

"Na yarda. Ɗaya, biyu, uku, haka har sama."

"A'a. Lamba ɗaya za ta gaya mini sau nawa ka taɓa ne kurum, ni kuwa girman taɓawar nake so in sani. Uku za ka sa. In faci ka yi, ba ka ko leƙa wani sashe ba, ƙara ta ƙarshe. In ka ƙara sabon abu amma na da yana nan yana aiki, ƙara ta tsakiya. In ka rushe ka sake gini, ƙara ta farko, sauran su koma sifili, don in hango ka tun daga nesa."

"In kika ga sifilin fa?"

"Sai in bari maƙwabta su ɗanɗana. In sun wuni lafiya har ka kai musu faci na farko, ka biyo ta nan."

Barau ya dubi yatsunsa da suka sage, ya ce ya amince. Da kwana ashirin da ɗaya suka cika, ɗakin ya ɗauki kukan 'yan tsaki, manaja ya leƙo ya ce ai shi dama bai taɓa shakka ba.

Shi ya sa har gobe manhaja ke ɗauke da lambobi uku. Shi ya sa kuma in aka kawo wa mai kula da kwamfutocin kamfani wadda ta ƙare da sifili biyu, zai karɓa da hannu bibbiyu, ya yi godiya, ya jefa ta a aljihun tebur, sannan ya buga wa takwaransa na kamfanin maƙwabta waya, wai gaisuwa ce kawai.