Kifanya Mai Jan Lalle

Ga ta nan, ga ta nanku, daga ƙasan teku.

Ta zo mu ji ta, ko a jiƙe take.

Wata kifanya ce mai jan lalle har wutsiya, ba ta da aiki sai yanga. Rannan Zarto, ƙaton kifi mai haƙora, ya hango jan nan, ya biyo ta. Ta yi ta nutsewa har inda rana ke isa kamar a mafarki, inda tsiron murjani ya baje kamar faifai yana tarar ɗan hasken da ke gangarowa. Ta dubi jikinta, lalle ya dishe.

Ta tambayi wata tsohuwar Ƙaguwa da ke wurin, "Iya, wa ya wanke mini lalle?"

"Yana nan, 'yar nan. Ido ne ba ya ganin ja a zurfin nan. Yi shiru."

Zarto ya gifta dab da ita, bai gan ta ba.

"To Iya, wa zai ƙara cewa na yi kyau?"

"Jikokinki, in kin zauna."

Ta zauna. Har yau zuriyarta na can jawur, su kaɗai suka san da lallensu.

Ƙurunƙus kan ƙaguwa. Ba don zurfi ba, da na kamo muku ɗaya.