Kunun Marayu da Masu Ɗanɗanawa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji, mu ƙaru.

Shekarar da yaƙi ya cinye gabashin dawa, Bushiya ce ta tattara marayu a raminta, kowanne haƙarƙari a waje. Ta je fada ta kai kuka, Zaki ya ba ta ƙwarya cike da kunun gyaɗa. Ta ɗauko tana murna.

A hanya Dila ya tare ta. "Baiwar Allah, kin manta al'ada? Ba a ba yaro abinci sai babba ya ɗanɗana, ko da guba a ciki. Sarki ne ya naɗa mu." Ya kafa kai ya sha rabi.

Can gaba Kura ta ce, "Ai guba a ƙasa take kwanciya." Ta shanye, ta lashe har gindin ƙwarya.

Bushiya ta isa gida. Yara suka leƙa ƙwarya, suka dube ta. A ranar nan ɗan Zomo, ƙaraminsu, ya cika.

Ta koma fada. "Ranka ya daɗe, ko ɗigo bai kai bakin yaran ba! Ɗan Zomo ya mutu!"

Zaki ya ce, "Guba ce ta kashe shi?"

"A'a, yunwa ce."

"Madalla! Ashe masu ɗanɗanawa suna aiki. A ninka kunun, a naɗa Giwa ta taya su."

Sai Bushiya ta dunƙule wuri ɗaya. Har yau in ta ji motsin manya, dunƙulewa take yi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, shi ma ba don an ɗanɗana ba da na raba muku.