Shekarar Fara Biyu Ce

An yi wani bawan Allah a wani gari, da ba don wata ƙara da aka ji cikin dare ba, da har yau ba wanda ya san labarinsa. Ƙarar nan ba kuka ba ce, ba minshari ba, wani gurnani ne ƙasa-ƙasa, guuum, guuum, daga ɗakinsa, shi tsoho ne ana ce masa Nomau. Maƙwabcinsa Sallau mahauci ya ce aljanu ne, ya tofa addu'a, ya ja bargo.

To, ku saurara ku ji asalinta.

Nomau mai gadin injin ruwa ne a bayan gari. Matarsa ta rasu tun tuni, Allah bai ba su haihuwa ba. Injin nan shi ne abokin hirarsa. In ya yi tari, Nomau ya ce masa sannu. In ya yi zafi, ya kashe shi ya huta.

Kowace shekara akan kawo masa takardar fansho, wadda ke nuna abin da aka tara wa ma'aikaci, da shekarar haihuwarsa, da shekarar da zai ajiye aiki. Shi dai ninkewa yake ya tura ƙarƙashin tabarma. Wata shekara da gwiwa ta fara ciwo, sai ya kai wa akawun ofis ya ce, "Ɗana, karanta mini, in san inda na dosa."

Akawu ya duba ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, da sauranka shekara bakwai."

"Wace shekara aka sa mini ta haihuwa?"

"An rubuta ka ce shekarar da fara ta cinye gonaki, aka lissafa."

"Wace farar? Ai biyu aka yi."

Akawu ya faɗi shekarar. Nomau ya ce, "Wannan ta biyu ce. Ita kam da hannuna na kama ta, muka soya da gishiri. Tawa ta farko ce, wadda ta rufe rana ran sunana."

Akawu ya waiwaya, ya rage murya. "Baba, wasu kuɗi suke biya a rage musu shekaru, kai an ba ka kyauta. In na gyara, bana za ka tafi gida. Wa kake da shi a gidan?"

Jama'a, wa yake da shi? Ba kowa. Nomau ya tuna ɗakinsa, ya tuna shirun da ke ciki. Amma ya ce, "Albashin da zan ci bayan lokacina rabon ɗan wani ne. Gyara, ɗana."

Aka gyara. Ran sallama ya shafa ƙarfen injin nan kamar mai shafa kan doki, ya miƙa mabuɗi, ya tafi.

Fansho na zuwa, tuwo bai yanke ba. Barci ne ya yanke. Kunnen da ya saba da gurnanin inji bai iya shiru ba, sai tsoho ya riƙa yin gurnanin da bakinsa har barci ya ɗauke shi. Su ne aljanun Sallau. A haka Allah ya karɓi abinsa, kuma sai da ƙarar ta ɗauke aka leƙa ɗakin. A wurin jana'iza akawun nan ya ba da labari.

Ku ji ni da kyau. Takardar nan in ta zo, kada ku tura ta ƙarƙashin tabarma. Ku sa a karanta muku, abin da ba daidai ba ku gyara, ko gyaran zai ci ku, don halak ko da kaɗaici ta fi haram da taro. Kuma mai shirin hutu ya tanadi mutane yadda yake tanadin kuɗi, mu kuma mu zama mutanen wani.

Da aka dawo daga maƙabarta, Sallau ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ce, "Wai duk cikinmu da muka ji ƙarar nan, wa ya taɓa yi masa sallama?"

Kowa ya dubi takalminsa.