Mundaye Goma Sha Huɗu

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun mutane da aljanu na ƙulla alkawari ido da ido, an yi wani birni mai suna Zauraki a bakin wani tafki mai faɗin gaske, wanda kwalekwale kan yi kwana uku a kansa bai hango ɗaya gaɓar ba. Sarkin wannan birni, Jatau, mutum ne mai kwarjini da son a yabe shi, kuma ya yi rantsuwa sai ya kewaye birninsa da ganuwar jan bulo wadda ba a taɓa ganin irinta ba. Bulo ba ya gasuwa sai da itace, don haka aka faɗa wa kurmin da ya kewaye tafkin da gatura, aka shekara bakwai hayaƙi bai yanke ba.

A bakin ruwan akwai wani turken tagulla mai zobe a wuyansa. Ƙuraizu, sarkin aljanun tafkin, shi ya ba kakannin Jatau shi bisa sharaɗi guda: muddin ruwa na taɓa zoben, a ci a sha, amma ranar da ya sauka, a ajiye gatari har sai ya dawo. Kowace kaka ɗan sarki ko 'yarsa ke shiga ruwan, ya dafa zoben, ya ɗaga murya ya ce, "Ruwa yana inda yake."

Wata shekara ruwa ya sauka da yatsa huɗu. Fadawa duk sun gani, kowa ya kama bakinsa. Matar sarki, Hajjo, 'yar masunta ce da ta tashi a kan ruwan nan, ita ce ta shigo fada ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ruwa ya bar zobe. A ajiye gatari tun tafkin bai bar mu ba." Sarki ya ji kamar an zage shi a gaban bayinsa. Kafin la'asar ya yi mata saki uku, ya riƙe 'yarsu tilo, Gimbiya Sailuba, mai shekara biyar. Ya sa bokansa Gagare ya yi wa Hajjo kurciya, aka iyakance mata gurbin turken nan, ƙafarta ba ta iya ƙetare shi zuwa birni.

Gagare ya yi ta tutiyar cewa asirinsa ne ya raba uwa da 'ya. Ni dai na ce ƙarya yake, magana ce ta yi aikin. Kullum sarki zai ɗora yarinyar a cinyarsa, ya ba ta dabino, ya ce cikin tattausar murya, "Uwarki ta tafi ta bar ki, ta kuma yi wa tafkinmu mugun baki. Ki tuna da kyau, kin taɓa jin ta kira sunanki ko sau ɗaya?" Yarinya ta yi tunani iyakar tunaninta, ba ta tuna ba, sai ta fashe da kuka. Kuyangi suka ɗauki zancen suka ƙara masa gishiri, har ta kai idan an ambaci Hajjo sai Sailuba ta tofar da yawu.

Shi kuwa turke, dabara aka yi masa. Kowace shekara kafin ranar awo sai a rufe ƙofofin birni kwana uku, a ce aljanu na wanka. A cikin kwanakin nan Gagare da mutanensa su tumɓuke turken, su bi ruwa da shi har inda ya koma, su kafa shi yadda zai taɓa zoben. Babu wanda bai san haka ba. Masunta da ke tafiyar rabin yini kafin su jiƙa ƙafa suka ce kifi ne ya yi wayo. Manoma da geronsu ke ƙonewa tun bai yi kai ba suka ce ai dama shekaru haka suke, wata ta yi wata ta ƙi. Duk wanda ya kuskura ya ce ruwa ya ja, sai a aske masa rabin kai, yara su bi shi da jifa. Mutanen Zauraki ba jahilai ba ne, tsoro ne ya cika su, kuma ganuwar ta yi musu kyau a ido.

Gimbiya kaɗai ce ba ta sani ba, don a rufaffiyar karaga majiya ƙarfi huɗu ke ɗaukarta, ba a yaye labule sai a bakin ruwa. Da ta yi ƙorafin cewa tafiyar na ƙara tsawo, aka ce mata masu ɗaukarta ne ke tsufa.

A shekarar da ta cika sha tara aka sa ranar aurenta da Yarima Sambo na ƙasar Tudu, bayan awon ruwa. Ranar awon aka yi zafin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Ana cikin tafiya ɗaya daga cikin masu ɗaukar karagar ya yanke jiki ya faɗi, karaga ta karkace, Sailuba ta gangaro waje. Ta tashi ta ga kanta tsakiyar wani fili da ya tsattsage, kwalekwale a kikkife sun bushe, ganuwar ubanta can nesa a baya. Gagare ya sheƙo yana cewa, "Allah ya ba ki nasara, rana ce ke sa ido gizo, ki koma ciki." Ba ta ko dube shi ba, don idonta ya sauka kan wasu 'yan itatuwan tsamiya da suka jeru tun daga wajen birni har bakin ruwa, kowace da munduwar azurfa rataye a reshenta. Shekara da shekaru mutane na wuce su ba wanda ya taɓa, domin taɓa su shaida ce cewa an gan su.

Ta bi jerin da ƙafa. Itatuwan na ƙanƙancewa, mundayen na ƙara girma, har ta isa bakin ruwa inda turke yake. Nan ta tarar da wata mata mai furfura da faskararrun ƙafafu tana cika tulu. Matar ta ɗago, tulun ya suɓuce mata, nan da nan ta kawar da kai.

Sailuba ta gane Hajjo ce. Ta ce, "Ke ce matar da ta yi wa tafkin nan baki, ta yar da ni kamar tsumma? Ga ni na girma ba ke. Ko yanzu ba za ki dube ni ba, balle ki kira sunana."

Hawaye suka zubo wa Hajjo. Sai ruwan ya dare gida biyu, Ƙuraizu ya fito. A da tsayinsa ya kai rimi, yanzu ya rame ya ranƙwafa, fatarsa ta tsage kamar ƙasar da suke tsaye a kai, a bayansa jama'arsa sun ɗaure kayansu.

Ya ce, "Ya ke 'yar Jatau, babu wanda ya yi wa ruwan nan baki. Kun cinye kurmin da ke kiran hadari, mu ma ƙishi ke korarmu. Kowace itaciya da kika wuce rami ne da aka tumɓuke turkena. Matar nan ce ke dasa tsamiya a ciki, ta shayar da ita da tulu, ta saƙa taru ta sayar wa baƙi, ta sa a ƙera miki munduwa duk shekara. Batun suna kuwa, ina tambayarki: wace uwa ce a ƙasarku ke kiran sunan 'yar farinta?"

 Sailuba ta san wannan alkunya sarai, ta ga kuyanginta na yi wa 'ya'yansu na fari, har ta sha yi musu dariya, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa auna ta da kanta ba. Abin da aka dasa wa mutum yana ɗan shekara biyar ba ya bari a duba gindinsa.

Aljanin ya ce, "Bakinki ne ya yi shaidar zur sau goma sha huɗu, don haka kafaɗarki ce za ta mayar da turke gurbinsa, ke kaɗai, kafin rana ta faɗi. A kowane rami zai ƙara nauyi, ba kuwa zai ɗagu ba sai kin faɗi wata ƙarya da kika riƙa, kin ƙaryata ta a bainar jama'a. In kin kasa, mu tashi, abin da ya rage na ruwan ya bi mu, uwarki kuma ta mutu a wannan fili."

Sailuba ta tumɓuke turken ta saɓa. A ramin farko ta ce, "Na ce ruwa yana inda yake, ƙarya ne." Turke ya ɗagu. A na gaba ta ce, "Na ce uwata mayya ce, ƙarya ne." Haka ta yi ta tafiya, tagulla na ƙona mata kafaɗa har jini ya jiƙa mayafinta. A rami na tara ta tuna ranar da wata tsohuwa ta kawo mata ƙullin kifi daga Hajjo, ta sa aka zane tsohuwar aka jefa wa karnuka kifin. Wannan ba ƙaryar wani ba ce, aikinta ne, ta faɗe shi tana kuka. Hajjo na biye da ita taku bakwai a baya, hannuwanta a miƙe, ba halin ta taɓa.

Da ta doshi gurbin asali, wanda Hajjo ta bari ba shuka, tana share shi duk shekara don kada ya cike, sai ga sarki da dukan mutanen birni sun fito. Jatau bai yi tsawa ba, ya yi amfani da muryar nan ta dabino. Ya ce, "'Yata, wa ya rene ki? Wa ya zauna a kanki da kika yi ƙyanda? Ajiye ƙarfen nan. In kin kafa shi a nan kin tsiraita ubanki a gaban talakawansa. Yau ki zaɓa, ni ko ita."

Turken ya danne ta har ta durƙusa. Gaskiya ne shi ya rene ta, tana kuma sonsa, abin da ya fi tagullar nauyi ke nan. Rana ta yi ja, saura taku uku, ta kasa motsi. Sai wata murya ta tsaga filin daga baya.

"Sailuba! Tashi, Sailuba!"

Mata suka dafe ƙirji, don ba a taɓa jin uwa ta yi haka ba. Hajjo ta yar da alkunyar da ta riƙe shekara goma sha tara a gaban duniya. Sailuba ta ɗago ta dubi ubanta ta ce, "Baba, ka ce ba ta sona, ƙarya ne. Ka ce sai na zaɓi ɗaya, wannan ma ƙarya ne." Ta miƙe, ta yi takun ukun, ta saki turken cikin raminsa.

Ya tsaya a busasshiyar ƙasa, zobensa a sama, ruwa kuwa tafiyar rabin yini. Jama'a suka tsaya, kowa na kallon abin da ya daɗe da sani. Kurciyar ta karye, Hajjo ta ƙetare gurbin, Gagare ya tattara layunsa ya bi daji, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Muryar Ƙuraizu ta zo cikin iska ta ce, "Za mu zauna. Amma kada ku yi murna da wuri, ruwan nan ba zai dawo wa waɗanda ke tsaye a nan ba. Ku shuka, wataƙila jikokinku su jiƙa zoben."

Haka kuwa aka yi. An ajiye gatari, an kashe wutar bulo, ganuwa ta tsaya ba a rufe ta ba. Kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin suka yi ƙaura, yunwar shekarar ta ci tsofaffi da jarirai masu yawa. Jatau ya sauka daga gado ya bar wa 'yarsa mulki, ya koma soron baya, har ya mutu yana gaya wa duk wanda ya shigo cewa ruwa yana inda yake. Sailuba ta so ta yanke hulɗa da shi, Hajjo ta hana, ta ce, "Abin da aka yi mini ba za a yi wa kowa da hannuna ba. Je ki gaishe shi." Kullum safiya kuwa sai ta je.

Yarima Sambo bai janye ba, ya zo da raƙuma ɗauke da irin itatuwa cikin kayan lefe, aka ɗaura aure ba wani shagali mai yawa. Ranar kai amarya Hajjo ta shigo ɗakin da mundayen a cikin ƙwarya. Suka zauna kamar baƙin juna, don shekarun da aka ƙwace musu babu aljanin da zai mayar. Hajjo ta ɗauko ta ƙarshe ta zura mata a hannu, munduwar ta zame ta faɗi ƙasa. Ta sake zurawa, ta sake zamewa.

Ta ce a hankali, "Da hannuna na riƙa aunawa. Na ɗauka jikina kika ɗauko."

Sailuba ta ce, "A'a, Inna, siririn hannun Baba gare ni."

Ta zare zare daga bakin mayafinta ta miƙa mata. Hajjo ta naɗe munduwar da shi, ta ƙulle ta a wuyan hannun 'yarta. Da zaren nan Sarauniya Sailuba ta sa ta har ƙarshen ranta, ba ta taɓa yarda maƙeri ya rage ta ba.