Tafukan Mutanen Gidan Masaƙa

An ce wani sarki aka yi wanda tsoron gobara ya hana shi sakat, domin katangar fadarsa ta jingina da gidan masaƙa, gida mai ɗaki sittin, rufin ciyawa, ga auduga jibge ko'ina. Sai ya kafa doka cewa duk wanda wuta ta tashi a ɗakinsa a kore shi daga gari, shi da iyalinsa.

Shekara ta zagayo ba a ji ihun gobara ko sau ɗaya ba. Waziri ya yi ta yabon dokar, amma ina! Hankalin sarki bai kwanta ba, don yakan ji ƙauri na tasowa ta bayan katanga. Ya sa aka kira Jatau, tsohon da ke gyaran rufin gidan.

Sarki ya ce, "Sau nawa wuta ta tashi a gidan nan bana?"

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Ya sarki, in kunne za a tambaya, ko ɗaya. In hannu za a tambaya, goma sha ɗaya."

"Warware mini, ko ka riga kowa barin gari."

"Allah ya ba ka nasara, taka ka gani da idonka."

Da hantsi sarki ya shiga gidan, aka tara kowa a tsakar gida. Jatau ya ce su buɗe tafukansu. Wayyo, abin ba kyan gani! Wannan tabo, wancan ɗanyar ƙuna. Wata mata mai goyo, Tasalla, ta ɓoye nata cikin zane, sai da sarki ya yi mata tsawa ta fito da su.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, garwashi na ɗebo wurin maƙwabciya a fasasshen kasko, ɗaya ya faɗa kan auduga. Na ja ƙofa na rufe, na yi ta dannewa da hannu. Yarinyar nan tana tari, na toshe mata baki kada a ji. Ga randa can cike da ruwa, taku biyar, amma in na fita an gan ni. Ina za mu in an kore mu?"

Jatau ya ce, "Ya sarki, goma sha ɗaya hannu ya kashe. Wadda za ta fi ƙarfin hannu ita za ta haura katangarka, ba kuwa wanda zai buɗe baki."

Nan take sarki ya soke dokar. Ya ce a ajiye randa a kowace ƙofa, a raba auduga da murhu, kada a ɗauki garwashi sai da murfi, kuma wanda ya fara ihun wuta a ba shi riga, ko da a ɗakinsa ta tashi. Sannan ya durƙusa gaban Tasalla, ya dubi tafukanta, hawaye na zubo masa.

Ya ce, "Yafe mini, baiwar Allah, ni na ƙona ki. Hukuncin da ya hana talaka ihu, zalunci ne ko da an kira shi doka."