Hamidun Illela da Kujerun Ƙwai

Akwai wani mutum a Illela da ake kira Hamidu Mai Ƙwai, a zamanin da Turawa ba su daɗe da cin ƙasar Sakkwato ba. Lokacin ne aka ja iyaka, Ingilishi suka riƙe Illela, Faransawa suka riƙe Ƙonni, dangi ɗaya suka wayi gari a ƙasa biyu.

Shi dai Hamidu wannan rabo bai ɓata masa rai ba, hanyar abinci ma ya buɗe masa. Yakan bi ƙauyuka, su Garu da Gidan Katta, ya tattaro ƙwan zabi da na kaji, ya jera a kwando cikin ƙaiƙayi, ya kai wa masu dafa wa Turawa abinci. Yau yana barikin Illela, gobe ya tsallaka Ƙonni. Turawan nan ba su cika shiri da juna ba, amma a kan cin ƙwai da safe bakinsu ɗaya.

Allah ya buɗa wa Hamidu. Ya yi jakuna, ya yi rumbuna, ya gyara gidan da ya gada. Abu ɗaya ne ya gagare shi, haihuwa. Shekara da shekaru yana tare da matarsa Hindatu, ciki ya shiga ya zube, ya sake shiga ya sake zubewa, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. In ya ga sa'anninsa da 'ya'yansu a masallacin Idi, sai ya sunkuyar da kai. Abin yana cin sa ƙwarai.

Wata rana joji, wato Baturen mulki, ya zo rangadi ya sauka a bariki. Hamidu ya kai ƙwai, yana tsaye a bakin madafa tare da kuku, wani mai suna Dabo, sai ya hango Baturen zaune a bakin tebur. Ga wani ɗan mitsitsin kofi mai ƙafa ɗaya a gabansa, an ɗora dafaffen ƙwai a kai ya zauna daram, shi kuma yana ƙwanƙwasa kan ƙwan da ɗan cokali.

Hamidu ya ce, "Dabo, minene wancan?"

Dabo ya ce, "Kujerar ƙwai ta. Su wurinsu ƙwai ma sai an ba shi wurin zama kahin a ci shi."

Hamidu ya yi dariya har ya dafe bango. Da zai tafi, Dabo ya miƙo masa wata da bakinta ya ɗan ɓalgace, wadda aka ce a yar. Farar tangaran ce mai zanen fure shuɗi. Hamidu ya jefa ta a aljihu don ya kai gida a yi dariya.

Ashe dariyar a kansa za ta ƙare. Ya je gida ya goge ta, ya ɗaga ta a rana, ya juya ta, ya sake juyawa. Kafin wata ya mutu, ya koma wajen Dabo yana tambayar ko akwai wata.

Daga nan abin ya kama shi. Duk kukun da ke tsakanin Sakkwato da Tawa ya san cewa akwai wani mutumin Illela da ke sayen kujerar ƙwai ko ta tsage. Ya samu mai bakin zinariya, ya samu ta katako, ya samu ta farin ƙarfe, ya samu mai hoton jirgin ruwa, shi da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Akwai wadda ya ba da rago sukutum a kanta. Kowace ya san gidan Baturen da ta fito, da ranar da ta shigo hannunsa.

Ya kira magini ya fafe masa alkukai a bangon zaure, sama da ƙasa, har gefen ƙofa dama da hagu, ya jera kowace a nata gurbin. Kullum bayan asuba zai ɗauki ƙyalle ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa. Abin mamaki, bai taɓa ɗora ƙwai a kan ko guda ba. Shi ƙwan ma bai dame shi ba, fura ce abincinsa.

Mutanen gari suka samu abin faɗa. Mata ne aka sani da jeren tasoshi a ɗaki, yau ga ƙato da gemu ya yi jeren amarya a zaure. In ya wuce sai a ce, "Angon tangaran, ina kwana?" Shi kuwa a ransa hassada ce kawai ke damun su.

To zauren nan tun zamanin ubansa ba shi da ƙyaure. Fatake na yada zango a ciki, maƙwabta na haɗuwa cin tuwo, duk wanda rana ta dame shi yana iya shiga ya miƙe ƙafa. Ran nan wani bafatake ya jingina sandarsa, sanda ta zame ta doki mai hoton jirgi, ta faɗo ta tarwatse.

Hamidu ya zage mutumin tas, dattijo da shi, ya watsa masa kayansa waje. Bai tsaya nan ba. Ya sa aka yi masa ƙyauren katako mai kauri, ya sayo ƙaton kwaɗo, ya ƙara wa katanga tsawo, ya dasa mata ƙaya. Sannan ya ƙaga wata magana ya baza a gari. Ya ce kayan nan ba nasa ba ne, ajiyar joji ce, duk wanda ya yi sanadin fashewar ko ɗaya, da sarƙa za a tafi da shi Sakkwato.

A wancan zamani kuwa sunan Bature ba abin wasa ba ne. Mutane suka ɗauke ƙafa. Har yara in sun zo wucewa sai su koma ɗaya gefen hanya.

Maƙwabcinsa Malam Mukhtari, mai makarantar allo, shi kaɗai ya tare shi. Ya ce, "Hamidu, zaure ba ɗakin ajiya ba na. Gidanga ƙohwa guda gare shi, kuma akwai macce ciki. In ka kulle ka tahi, ita hwa?"

Hamidu ya ce, "Malam, macce da ke cikin kulle ina za ta? Ruwa na ciki, hatsi na ciki."

Malam ya ce, "Allah shi kyauta." Ya juya.

A shekarar nan ne Allah ya sa ciki ya zauna wa Hindatu. Ya wuce watannin da yakan zube, ya girma, har ya tsufa. Kada a zalunci Hamidu, ya yi murna matuƙa. Ya ware ragon suna tun da wuri yana ba shi dusa da hannunsa. Ya tara itacen wankan jego. Ya yi magana da Inna Yari, tsohuwar ungozomar unguwa, tana leƙowa kullum da hantsi in yana gida. Sai dai bai bar kulle zaure in zai fita ba.

Wata safiya da damina saƙo ya zo daga Idi, kukun kwamandan Ƙonni. Kwamanda zai koma ƙasarsu, ana ɗaure kaya, kuma yana da wata kujerar ƙwai da aka yi ta da siffar kaza, ƙwan a bayanta yake zama. Hamidu ya daɗe da jin labarinta, har mafarkinta yake yi.

Yana ɗaura wa jaki akumari, Hindatu ta fito ta tsaya a bakin ɗaki, ta dafa ƙugu.

Ta ce, "Maigida, ko za ka bar ƙohwa buɗe yau?"

Ya ce, "Don mi?"

Ta sunkuyar da kai. "Jikina na dai ba daɗi."

Tun asuba bayanta ke ɗaurewa yana saki. Amma haihuwar fari ce, kuma da kunya aka rene ta. Mace ba ta buɗe baki ta ce wa miji naƙuda ta zo, ba ta kuma yin kuka a kan gwiwa, don kada a yi ta faɗi da ita a gidan biki har ta tsufa. Iyakar abin da bakinta zai iya furtawa ke nan, ta furta.

Hamidu ya dube ta, ya dubi alkukan zaure. Ya ce, "Inna Yari ta ce da sauran lokaci. Ƙonni ga ta nan kusa, kahin azahar na komo."

Ya ja ƙyaure, ya datse kwaɗo, ya jijjiga shi ya tabbatar, ya rataya mabuɗi a wuya.

A Ƙonni Idi ya ce masa ya dakata, kwamanda bai gama zaɓen abin da zai ɗauka da wanda zai bari ba. Hamidu ya zauna a gindin wata tsamiya. Rana ta take tsaka, kwamanda ya ci abinci ya shiga ƙailula. Aka kira azahar.

Fuskar Hindatu ta faɗo masa a rai, da yadda ta dafa ƙugu. Ya miƙe ya kwance jaki. Sai Idi ya leƙo ya ce, "In ka tahi, akwai wani Balarabe da ke son ta." Hamidu ya mayar da igiya ya ɗaure, ya koma ya zauna.

Sai bayan la'asar Idi ya fito da ita a tafin hannu. Kaza ce fara mai jan tukku, ko ƙwarzane babu. Hamidu ya ji kamar an ba shi sarauta. Ya naɗe ta a hular da ya cire daga kansa, ya cusa a ƙirji, ya kamo hanya yana tafiya a hankali don kada jaki ya girgiza ta.

Rana ta yi ja lokacin da ya shigo unguwa. Abin da ya fara dubawa kwaɗo ne. Yana nan yadda ya bar shi, sai ya yi ajiyar zuciya.

Sannan ya lura ba wanda ya yi masa barka da zuwa. Maza na tsaye cirko-cirko a lungun da ke bayan gidansa, jikinsu duk laka, wasu riƙe da gatari, wasu da galma. Ya zagaya. An fasa katangarsa ta baya, an yi rami daidai shigar mutum a sunkuye.

Malam Mukhtari ne ya fito ta ramin, yana rungume da wani ɗan abu a naɗe cikin farin ƙyalle.

Hamidu ya ce, "Malam, mi ya hwaru?"

Malam ya ce, "Inna Yari ta zaka da hantsi ta iske ƙohwa kulle, ta yi sallama ba a amsa ba, ta koma. Da azahar hankalinta bai kwanta ba, ta sake zakkuwa ta kara kunne ga katanga, taj ji nishi. Yarinyar ga ko sau guda ba ta yi kuwwa ba. Munka taru. Tsohuwa ba ta iya hawan tsani, balle bisa ƙaya. Nic ce a karya ƙyaure, mutane sunka ce in an doke shi kayan joji za su zubo, kowa na da iyali. Ni ma, Allah shi gahwarta mani, na ji tsoro. Sai munka koma baya muna saran katanga. Kai ka san kaurin da ka yi mata."

Inna Yari ta fito tana goge hannu a zane, idonta jawur. Ba ta gaishe shi ba. Ta ce, "Namiji na. Cibiya ta naɗe mai wuya. Abu na da nika warwarewa da yatsa guda, da na samu shiga da wuri. Uwar tana da rai, ita kaɗai ta haihe shi bisa ƙasa."

Hamidu ya durƙushe a kan ɓaraguzan katanga.

Wani dattijo daga cikin masu gatari ya matso, da zuciya ɗaya, yana son ya sanyaya masa rai. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Hamidu. Ajiyar joji dai tana nan lahiya. Ba mu taɓa ko guda ba."

Hamidu ya ɗago kai. Ya ce, "Ba na joji ba na. Nawa na. Joji bai ma san da su ba."

Wani ya saki gatarinsa ya faɗi ƙasa.

Malam Mukhtari ya kalle shi. Sannan ya dubi abin da ke hannunsa, ya ce, "Da sara biyu ya ishi ƙyauren ga, Hamidu. Tashi mu tai mu rufe ɗanka kahin rana ta hwaɗi."

Da Hindatu ta ɗan samu ƙarfi, danginta suka zo daga Garu suka tafi da ita. Ba ta sake taka gidan ba. Hamidu ya rayu har tsufa, kuma wannan ɗa da bai taɓa jin kukansa ba, shi ne kaɗai Allah ya ba shi a duniya.

Darasi: Ba laifi ba ne mutum ya so wani abu, ya tara shi, ya ƙawata gidansa da shi. Laifin shi ne abin ya fi masa mutanen da ke ƙarƙashinsa daraja. Ƙaryar da ka yi don ka tsorata mutane su nisanci kayanka, ita za ta ɗaure musu hannu ranar da kake buƙatar su. Kuma in iyalinka sun ce maka "jikina ba daɗi", ka ajiye abin da ke gabanka ka saurara, don wani bakin kunya ba ta barin sa ya faɗi fiye da haka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, musamman magidanta, ko Allah zai sa wani ya gyara tun ƙofarsa tana buɗe.